Abin da Harshe Ba Ya Iya Shaida

Alhaji, wanda ya tsufa yana auna yadi a kasuwar Rufa'a, ya sha rantsuwa cewa ko cikin barci aka ɗiga masa gahawa a baki zai faɗi ko ta Harar ce ko ba ita ba. Mu da muke zama da shi bayan la'asar a ƙofar gidana mun saba da wannan cika baki, ba mai tanka masa, don dattijo ne, kuma shi ke kawo sukari. Direban lorin unguwarmu ne kaɗai yakan yi murmushi. Shi mutumin hanya ne, daga Madani zuwa Gadarif har Gallabat a bakin iyakar Habasha, ya ce ya sha ganin yadda ake juye bun, wato ƙwayar gahawa, daga wannan buhu zuwa wancan, kuma bai taɓa jin buhu ya yi gardama da abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Wanda ya mai da wasan gaske ɗan ƙanwata ne, lokacin yana karatun aikin gona a Jami'ar Jazira. A sanyin farkon 2023 ya zo hutu, ya zauna can gefen tabarma yana sauraronmu, sai ya ce, "Kawu, Turawa sun taɓa raba irin wannan gardama." Ya ba mu labarin abin da ya faru a Paris ranar 24 ga Mayu, 1976. Wani ɗan Ingila mai sayar da giyar inabi, Steven Spurrier, ya tara Faransawa tara waɗanda ƙasarsu ta yarda da harshensu, ya zuba musu giya ba tare da sun ga kwalba ba. A ɓangaren ja akwai shida daga Kalifoniya, na inabin da ake kira Cabernet, da huɗu daga manyan gidajen Bordo masu ɗaruruwan shekaru. Da aka haɗa maki sai ta wata ƙaramar gona mai suna Stag's Leap ta zo ta ɗaya, gonar da ba ta cika shekara goma da kafuwa ba. Da ƙyar ta tsere, don Faransa ce ta ɗauki ta biyu da ta uku da ta huɗu, amma hakan bai hana ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, neman a mayar mata da takardar makinta ba.

Limamin masallacinmu ya tsuke fuska. "Yanzu majalisar mashaya za mu kwaikwaya?" Na ce, Allah gafarta Malam, ita kanta gahawar da ke gabanka an taɓa yanke mata hukunci da irin wannan ido. A Makka a 1511 wani hakimin Mamluk, Kha'ir Beg, ya ga mutane da dare suna miƙa wa juna kofi yadda mashaya ke yi, ya tara malamai da likitoci aka haramta ta. Haramcin bai yi nisa ba, domin da aka koma kan abin da ke cikin kofin ba a sami maye ba. Malam ya yi dariya, ya ce to a zuba, amma yana da magana daga baya.

Maiɗakina ce ta riƙe sirrin. Muka miƙa mata bun iri uku. Akwai na Alhaji, wanda yake sayowa a wani shago a Madani da sunan Harar, kuɗinsa ya kusa ninka na sauran. Akwai na Yuganda mai araha, irin wanda masu shayi a tasha ke haɗawa da shi. Sai wani ɗan ƙulli da direba ya zo da shi daga Matamma, tsallaken Gallabat, na wani manomi mai 'yan bishiyoyi a bayan gida, bai fi mudu biyu ba, ƙwayoyinsa ma ba su yi kai ɗaya ba. Ta soya kowanne daban a kan gawayi, muna jin ƙarar ƙwayar tana fashewa ta bayan katanga, ta daka kowanne ta share turmin kafin na gaba. Ɗan ƙanwata ya kafa sharaɗi uku: ba citta, ba turaren wuta, sukari cokali ɗaya ga kowa. Alhaji ya ce gahawa ba citta ai makoki ce. Yaron ya ce citta na rufe aibin bun, shi ya sa mai araha ya fi son ta. Shi kansa da yake ɗauko tire bai san me ya ɗauko ba. Aka ba kowa ƙwallon dabino, in an gama ya jefa a gaban jabanar, wato butar gahawar, da ta fi kwanta masa.

Jabana huɗu suka fito maimakon uku, ba wanda ya tambayi dalili. Ta farko Alhaji ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya ɗaga yatsa ya ce Harar ce, ko a gaban alƙali. Ta biyu ba ta wahalar da kowa ba. Ɗacinta mai nauyi ne, yana tsayawa a maƙogwaro, ga wani wari kamar na buhun da ruwa ya taɓa, kowa ya ce Yuganda, kuma ita ce. Irin wannan bun, robusta, sinadarin da ke hana barci a cikinsa ya kusa ninka na bun ɗin Habasha, harshe ba ya ɓata a kansa. Ta uku ta sa majalisa shiru. Akwai ɗan tsami a farkonta, sannan wani zaƙi da ba na sukari ba ya biyo baya, ya daɗe bai tafi ba. Ta huɗu kuwa Alhaji ya ajiye finjalin bai shanye ba, ya dubi direba ya ce, "Ga taka nan ta buhun da aka juye." Ƙwallayen dabino suka taru a gaban ta uku. Direba nasa a gaban ta farko ya jefa, bai gane kayansa ba.

Sai murya ta zo daga bayan katanga: "Alhaji, ta farko da ta ƙarshe kasko ɗaya suka fito." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Uwargida, kin dai bar ta ta huce." Wataƙila ma da gaskiyarsa, don harshen da ya sha uku ba daidai yake da wanda bai sha komai ba. Amma abin da ya biyo baya shi ya tsaya mini a rai. Ya roƙa a dafa masa tasa yadda aka saba, da citta, da turare, a kawo masa ita da sunanta. Aka kawo. Ya ambaci Shazali Abul Hasan kamar yadda tsofaffin nan ke yi a kan gahawa, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Yauwa, wannan ita ce." Na dubi fuskarsa da kyau. Ba kare kai yake yi ba, daɗin da yake ji na gaske ne.

Masu bincike sun auna wannan abu. A Bordo a 2001 Frédéric Brochet ya rina farar giya da jan launi marar ɗanɗano ya ba ɗalibai 54 masu koyon sana'ar, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya suka sa mutane cikin na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya guda sau biyu, sau ɗaya aka ce dala 10 ce, sau ɗaya dala 90. Mutanen suka ce ta 90 ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa da ke motsi idan mutum yana jin daɗi ya fi motsi a kanta, alhali sashen da ke karɓar ɗanɗano daga harshe bai sauya ba. Wato suna da farashi ba su tsaya a kunne ba, suna shiga cikin daɗin kansa. Don haka ba zan ce wa Alhaji maƙaryaci ba, haka ma duk wanda ya ce tuwon uwarsa ya fi na kowa. Abin da zan hana shi kawai shi ne ya mai da daɗinsa shaida a kan kayan wani. Da ya ce wa direba "taka ta buhun da aka juye", ya bar faɗin abin da ya ji ya koma yanke wa mutum hukunci.

Tun kafin na'ura Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kama wannan cuta. A littafinsa Munƙiz ya koka da masu auna gaskiya da mutumin da ya faɗe ta maimakon su auna mutum da gaskiya. Ya ce in ka jingina magana ga wanda suke ƙauna za su karɓa ko ɓata ce, in ka jingina ta ga wanda suke ƙi za su mayar ko gaskiya ce. Misalin da ya kawo na zuma ne: a zuba ta a abin da wanzami ke tara jinin ƙaho, jahili zai ƙyamace ta, alhali jini ƙazanta ne don kansa, ba don mazubin ba, zuma kuma tana nan zuma. Ni da na yi aikin koyarwa har na ajiye alli, na ga amfanin wannan da idona a ɗakin gyaran jarrabawar shahada. Takarda na zuwa gabanka ba suna, sai lambar sirri da 'yan kwantirol suka sa. Ba ka san ɗan nazir ne ko ɗiyar mai tsinkar auduga ba. Kuma kowane malami mai tsoron Allah ya san dalilin da ya sa ake ɓoye sunan: ba don ana zarginsa da cin hanci ba, sai don hannu na yin laushi ko tauri da kansa idan ido ya ga wani suna. A Rufa'a, garin da Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a 1907, mutane suna ganin abin kunya ne, ba a rasa iyalai da wannan lambar sirri ta fitar daga gona zuwa jami'a ba.

Mu Hausawan Sudan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan rubutun jikin buhu. Kakanninmu sun zo a ƙafa, wasu da niyyar hajji, wasu sun biyo hijirar da ta taso bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, wadda ɗansa ya ƙarasa da ita har aka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, hannunsu ne ya tsinki auduga mai yawa, amma hawasha, wato gonar da ake rubuta wa mutum da sunansa, galibi ta wasu ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta gaje ta a 1957, ta sa ranar 31 ga Disamba, 1897 ta zama iyaka: wanda kakansa bai zauna ba kafin nan sai ya nema. Ka lissafa da Burmi ka ga wa aka bari a waje. Daga baya an sassauta ranar, amma kalmar Fallata da Takari da ake kiranmu da ita ba ta bi doka ta sassauta ba. Mutum zai tsaya a gaban mai agashe a Khartum ya lashe yatsu, ya sha godogodo ya yaba, harshensa ya ba da shaida tsakani da Allah. Ka je neman 'yarsa ga ɗan mai agashen, likita ne ko injiniya, sai a fara tambayar asali. Abin mamaki, ƙasar Malikiyya ce, kuma a mazhabar Malik dacewar aure a kan addini da lafiya daga aibi take, nasaba ba sharaɗi ba ce. Mu ma ba mu tsira ba, in za a faɗi gaskiya. A cikinmu akwai gidajen da har yau ba sa ba maƙeri ko mahauci ko wanzami aure.

Da a nan maganar ta ƙare da na ce a rufe kowane suna a huta. Amma Malam ya ce yana da magana, kuma ya yi ta tun finjalai ba su bushe ba. Ya ce, "Kai da Gazalinka, addinin nan da wace hanya ya iso gare ka? Ba da sunayen mutane ba?" Hadisi ba a ɗanɗana shi a ji ya yi daɗi sannan a karɓa. Da yawa daga maganganun da aka ƙirƙira sun fi sahihai daɗin ji, don wanda ya ƙirƙira ya san abin da kunne ke so. Abin da ake yi shi ne a tambaya: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa. Ya tuna mana abin da Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa daga Ibn Sirin, cewa da farko ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta faɗo aka fara cewa kowa ya ambaci mutanen da ya ji daga gare su.

Na daɗe ina juya wannan, domin ba ƙaramar hujja ba ce. Inda na tsaya shi ne: Malam da Gazali ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ko zuma zuma ce, ko lissafin yaro daidai ne, ko gahawa ta yi daɗi, abin yana gabanka, za ka iya gwada shi, suna sai dai ya ruɗe ka. Amma ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi kaza, wannan ya wuce, ba ka nan, ba abin da za ka sa a baki. Dole ka dogara da mutum. Kuma a duba irin sunan da malaman hadisi suka nema. Sunan mutum ɗaya ne, da tarihinsa: yana ƙarya ko ba ya yi, haddarsa ta riƙe ko ta zube da tsufa, ya haɗu da wanda yake ruwaitowa ko bai haɗu ba. Ba su rubuta "mutanen ƙabila kaza a jefar" ba. Nafi'u bawa ne da aka kamo a yaƙi, Ibn Umar ya 'yanta shi, kuma silsilar Malik daga Nafi'u daga Ibn Umar ita Buhari ya ce ta fi kowace inganci. Aɗa'u ɗan Abi Rabah baƙi ne, littattafan tarihi na danganta mahaifinsa da Nuba, shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Sunan da ke da amfani shi ne wanda mutum ya gina da kansa, kuma ana iya kama shi da shi in ya ci amana. Wanda ke jikin buhu, Harar ko Takari, ba wanda za ka kama.

A lokacin gardamar malamai ce kawai, ta cika yamma. Bayan wata uku yaƙi ya tashi a Khartum, ranar 15 ga Afrilu. A Disamba 2023 dakarun RSF, waɗanda mu nan muke ce wa Da'ama, suka shiga Madani, Rufa'a ma ta faɗa hannunsu a kwanakin. A Oktoba 2024, bayan kwamandansu na Jazira, Abu Aƙila Kaikal, ya koma wajen soja, aka afka wa garuruwan gabashin kogi, Tambul da Hilaliyya da ƙauyukan da ke kewaye da mu, don kawai yankinsa ne. A Janairu 2025, kwanakin da soja ke karɓe Madani, aka shiga Kambo Ɗayba aka kashe mazauna, galibinsu 'yan asalin yammacin Sudan, da zargin cewa mutanen kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona, suna tare da Da'ama. Ƙungiyar Human Rights Watch ta lissafa aƙalla mutum 26, ta ɗora alhakin a kan mayaƙan da ke tare da soja. Duka biyun ba wanda aka tambaya me shi da kansa ya yi.

Ɗaya rabin maganar Malam kuma ta same mu a kasuwa. Aka buɗe wuraren da mutane suka laƙaba wa kasuwar Dagalo, da sunan jagoran Da'ama, inda ake baje kayan da aka kwaso daga gidaje da shaguna da ma'aikatu: firiji, gado, tagar ƙarfe, buhun sukari, jarkar mai, a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Hukumar Abinci ta Duniya ta ce rumbunta na Madani kaɗai an kwashe fiye da tan 2,500 a cikinsa, abincin da zai riƙe kusan mutum miliyan ɗaya da rabi wata guda. Wannan kaya bai ɓace ba, cikin wani ya shiga. Kuma sukarin sata zaƙinsa ɗaya da na halal. Ka zuba su a finjali biyu ka kira duk gwanayen Paris, ba wanda zai raba maka. A nan ne rufe ido ya koma laifi. Abin da na gani kuwa, mutumin da zai binciki kaka na bakwai kafin ya ba da 'yarsa, shi ne zai sayi katifa a rubu'in kuɗinta bai buɗe baki ya ce daga ina ba. Mun ajiye tambayar asali inda ba ta da aiki, mun bar ta inda take wajibi.

Buhari ya ruwaito cewa wani bawan Sayyidina Abubakar ya kawo masa abinci ya ci, daga baya ya gaya masa ladan duba ne da ya taɓa yi wa wani a jahiliyya, duban ma na yaudara. Abubakar ya sa hannu a baki ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Abincin bai lalace ba, harshe bai yi ƙorafi ba, labari ne ya zo ya sauya hukuncinsa. Sai dai addinin bai mai da bincike sana'a ba. A Buharin dai, da aka kai ƙarar cewa sababbin shiga Musulunci na kawo nama ba a san ko sun ambaci Allah wajen yanka ba, umarnin da aka bayar shi ne mai ci ya yi bisimilla ya ci. Gazalin nan da ya ce kada a dubi mazubi, shi ne a Ihya'u ya ware babi guda a kan yaushe ake tambayar inda kaya ya fito. Mutumin da ba ka sani ba kuma ba wata alama a tare da shi, ya ce tambayarsa cutarwa ce da mummunan zato. Har ya kawo cewa bayan rundunar Yazidu ta washe Madina kwana uku, sahabban da suka ga hakan ba su daina saye da sayarwa a kasuwa ba, don haram ɗin ya narke cikin halal mai yawa. Amma inda alama ta bayyana, ko aka san mafi yawan abin da ke hannun mutum na ƙwace ne, tambaya ta zama dole. Firiji a kan yashi, a hannun yaro mai bindiga, da hoton 'ya'yan wani manne a ƙofarsa, ban san alamar da ta fi wannan ba.

Ba na so in yi wa'azi daga kan tudu. Na ga watannin da ba wata kasuwa sai wannan, kuma yara ba sa cin fatawa. Malam da kansa, da mata suka zo masa da kuka, ya ce garin da zai tsai da rai a saya a ci, lalura ce, a riƙe niyyar sadaka da kimarsa in Allah ya buɗa. Ya ƙara da cewa bai taɓa jin wanda rashin talabijin ya kashe ba. Wata tsohuwa a layinmu ta sha shayi ba sukari har aka buɗe hanyar Gadarif, ba ta kuma zagi maƙwabciyarta da ta saya ba. Tsakanin waɗannan biyun mutane suka rayu, kowa ya san inda ya tsaya ko bai faɗa ba.

Yanzu da masu gudun hijira ke dawowa, wannan tambaya ce ke cika zauren sulhu. Kwanan baya aka kira ni cikin dattawa a kan injin ban-ruwa. Wani manomi daga ƙauyen da ke kudu da mu ya dawo daga Kasala ya tarar da rijiyarsa ba inji, sai ya gan shi yana aiki a gonar wani a bakin kogi. Ya kawo maƙerin da ya taɓa yi masa walda a gindinsa, maƙerin ya sa yatsa a kan ɗinkin ya ce aikinsa ne. Wanda injin ke hannunsa ba ɓarawo ba ne, kowa ya shaida, Bahaushe ne ɗan'uwanmu mai 'ya'ya takwas, ya sayar da akuyoyinsa ya saya, ya noma albasa da shi kaka biyu. Hukuncin a fiƙihunmu ba ɓoyayye ba ne. Mai kaya in ya kafa hujja ya ɗauki kayansa. Wanda ya saya yana sane da ƙwace ne, hukuncinsa na mai ƙwacen ne. Wanda bai sani ba ya koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa. Malam ya karanta wa mai sayen wannan a hankali, sannan ya ce, "To, Malam, wa ya sayar maka?" Ya ce wasu samari ne a bayan mota, a kan hanyar Tambul, fuskarsu a naɗe da rawani, ciniki bai wuce minti biyar ba. Aka ce ko sunan ɗaya daga ciki. Ya ce bai tambaya ba. Mai injin ya yarda a bar shi har a cire albasar da ke ƙasa, dattawa kuma suka ɗauki nauyin zagayawa gida gida a haɗa wa mai sayen abin da ya samu daga kuɗin akuyoyinsa.